Kada gani ya kori ji: yadda za ka kare kunnenka a filin tseren motoci

Talabijin tana ɓoye abu ɗaya game da tseren motoci. Tana nuna maka gudun, tana nuna maka hayaƙin taya da tartsatsin da ke tashi a ƙarƙashin mota, amma ƙarar da take kawo maka falo an riga an sa mata linzami. Na yi shekaru ina kallon tsere a gida, na ɗauka na san abin. Ranar da na fara zama a rumfar 'yan kallo, a wani fili a ƙasashen Larabawa, ƙananan motocin share fage ne ma suka fara wucewa, amma a ƙirji da haƙora na fara jin su kafin kunne. Na waiwaya na ga kusan kowa da ɗan soso ruwan lemo a kunnensa, wani dattijo ma har ya kifa marufi a kan nasa. A raina na ce raki ne. Da daddare a masauki, an kashe fitila, gari ya yi tsit, sai kunnena na hagu ya kama shiiii kamar rediyon da aka bari tsakanin tasha biyu. Sai da ya kwana biyu ya lafa, kuma har yau idan na gaji yakan leƙo ya gaishe ni.

Mutanenmu da ke zuwa irin wannan kallo sun ƙaru. Tun 2021 ake tseren Formula 1 a Jidda, garin da ba baƙonmu ba ne, ga na Abu Dhabi, ga na Bahrain, ga filin Lusail a Katar. A gida kuma ga masu wasan mota da manyan babura da ke tara jama'a a ƙarshen mako, yawancinsu an fasa musu salansa da gangan. Duk inda za ka, matakan ɗaya ne.

Da farko, ka gane yadda ake ƙirga ƙara

Da desibel ake auna ƙara, kuma ma'auni ne mai yaudara, domin ba ya hawa kamar mudu ko kilo. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Idan aka ce 120, ba ninkin hira biyu ake nufi ba, ƙarfin ya ninka sau miliyan ɗaya. Abin da za ka riƙe shi ne: duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin da ke dukan kunne, don haka yana raba lokacin da kunne zai iya jurewa gida biyu.

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana. Daga nan lissafin yake gangarowa. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 97 rabin awa, a 100 minti 15. A 106 bai kai minti 4 ba. A 115 bai kai rabin minti ba. Daga 140 zuwa sama kuwa babu maganar lokaci, bugu ɗaya zai iya yin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi tsaurarawa a kan sauraron nishaɗi: desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro.

Ke nan ƙara kamar magani take, tana da ƙa'idar sha. Tseren Formula 1 yakan ɗauki wajen awa ɗaya da rabi. Idan inda ka zauna 100 ne, ka sha rabon kwana shida a zama ɗaya, ba a ma sa gwaji da tseren share fage da kiɗan bayan tashi a lissafi ba.

An ce jiki magayi, amma kunne ba ya faɗa da wuri. Zafi ba ya farawa sai wajen 120 zuwa 130, ita kuwa ɓarna ta fara tun daga 85. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwan nan uku, akwai wata gaɓa mai siffar dodon koɗi, a cikinta da ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000. Su ne ke mai da girgizar iska saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara tana kwantar da su kamar yadda ƙafa ke kwantar da ciyawa. In an taka sau ɗaya, mafi yawansu sukan miƙe. In an yi ta takawa, hanya ta fito ke nan, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda ke fara tafiya su ne masu kama siraran sautuka, irin s da sh da ts da f. Shi ya sa mai wannan matsala ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake mutane sun daina buɗe baki in suna magana, ko kuma yana jin muryar matarsa amma in yara suna hayaniya ba ya gane abin da ta ce.

Ka san irin tseren da za ka

Ba duka suka zama ɗaya ba, kuma irin tseren ne zai gaya maka nawa za ka kashe a kariya.

Mafi muni su ne motocin Top Fuel na Amurka, masu gudun miƙe na ƙafa 1,000, wato kimanin mita 305, cikin ƙasa da daƙiƙa 4, suna haura kilomita 500 a awa. Ƙararsu tana kai wa wajen desibel 150 a kusa da layin tashi. Wannan ba wurin gwada jarumta ba ne.

Gasar NASCAR ta Amurka matsalarta tsawon lokaci ce da yawan motoci: injina V8 kusan 40 suna zagaye wuri ɗaya awa uku ko fiye, babu sararawa. NIOSH ta taɓa yin awo a filaye uku, Bristol da Indianapolis da Kentucky. Ta samu wajen 96 a wurin 'yan kallo mai nisan mita 46 daga titi, da 114 a cikin mota. Direba ya cinye rabon ranarsa cikin ƙasa da minti ɗaya, ma'aikatan gareji cikin 'yan mintuna, ɗan kallo cikin ƙasa da awa ɗaya. Bristol ta fi tsanani, saboda ƙaramin fili ne da benayen kallo suka kewaye shi kamar akushi, ƙara ba ta da wurin fita.

Baburan MotoGP doka ta yarda musu su kai desibel 130, kuma ba sa wasa da wannan dama. Sautinsu siriri ne mai huda. Sauƙin kawai shi ne babban tseren bai cika wuce minti 45 ba, sai dai kafin shi akwai na ƙananan aji biyu.

Formula 1 ita ce ke ruɗin mutane, domin kowa ya ji an ce ta yi shiru. Gaskiya ne ta ragu. Daga 2006 zuwa 2013 injin V8 ne mai lita 2.4, da a ƙarshe aka tsayar da shi a juyi 18,000 a minti. A 2014 aka koma V6 mai lita 1.6 da turbo, shi kuwa turbo yana shanye wani ɓangare na ƙarfin hayaƙi kafin ya fita salansa. Alƙaluman da aka bayar a lokacin sun ce an sauko daga 145 zuwa 134 a kusa da mota, har masu shirya tseren Ostareliya suka yi ta ƙorafi wai an kashe armashin abin. To amma duba jadawalin da na ba ka a sama ka ga ina 134 ya faɗa. Sannan a irin wannan mako ba Formula 1 kaɗai ke gudu ba. Motocin Porsche da kan yi share fage a wasu filaye ba su da turbo, kuma duk wanda ya zauna ya ji su zai gaya maka sukan fi manyan damun kunne.

Rali, irin Safari na Kenya da ya koma gasar duniya a 2021 a kewayen Naivasha, ko Dakar da iyayenmu na Agadas suka sani tana ratsa Tenere kafin ta koma Kudancin Amurka a 2009 sannan Saudiyya a 2020, ya fi sauƙi. Mota ɗaya-ɗaya ke zuwa, a sarari, da tazara. Abin tsoro a nan shi ne fashewar da salansa ke yi kamar harbin bindiga in direba ya saki totur, ga kuma 'yan kallo da son matsawa bakin hanya. Formula E mai lantarki tana wajen 80, a can lasifikar fili ce ma za ta fi damunka.

Wasan motar gida kuwa babu mai auna shi, babu katanga, babu tazara, kuma mutane kan tsaya taku biyar daga salansar da aka cire mata ciki. Ni na fi jin tsoronsa a kan Jidda.

Zaɓen wurin zama, tun wajen sayen tikiti

Wannan ita ce kariyar da ba a biya mata ƙarin kuɗi, wani lokaci ma rangwame take kawowa. A sarari, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da abin da ke ƙara, tana raguwa da desibel 6. Daga mita 10 zuwa 40 an rage 12, wato lokacin da kunnenka zai jure ya ninka sau 16. A fili na gaske ragin bai cika kai haka ba saboda motoci jere suke kuma gine-gine suna mayar da sauti, amma duk da haka layin sama ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba, kuma daga sama aka fi ganin tseren.

Ka lura da inda direbobi ke taka totur. Layin tashi da mafitar kwana da farkon miƙaƙƙiyar hanya sun fi ƙara, musamman in motoci suna ba ka baya, salansa na kallonka. Mashigar kwana, inda ake taka birki, ta fi sauƙi, kuma a nan ake yawan wuce juna. Rumfa mai rufin ƙarfe tana ba da inuwa amma tana dawo maka da ƙarar daga sama. Filayen cikin gari, irin na Jidda mai kilomita 6 da ɗoriya da katangar kankare dama da hagu, suna riƙe sauti fiye da fili mai ciyawa da tsakuwa. Sai lasifika: in ka isa ka tarar da ita a saitin kanka, nemi canji, don dole su ƙure ta kafin muryar mai sharhi ta fi ta injin.

Abin da za ka saya

Ka saya kafin ka tafi. A ƙofar fili ana sayarwa, amma da tsada, kuma sukan ƙare. Masu sayar da kayan kariyar ma'aikata, inda ake samun hular kwano da takalmin aiki, su suka fi kemis samunsa.

Duba lambar da ke jikin leda, ita ce ke nuna desibel nawa abin yake ragewa. Kayan Amurka suna ɗauke da NRR, na Turai SNR. Matoshin soso mafi ƙarfi yana da NRR 33, marufi mai kama da kwano biyu yakan tsaya wajen 30. Kada ka ɗauki lambar nan ka cire ta kai tsaye daga ƙarar fili, don a ɗakin gwaji aka samo ta, ƙwararru suka sa wa mutane. Lissafin da masu kula da ma'aikata a Amurka ke yi don kusantar gaskiya shi ne a cire 7 sannan a raba biyu. NRR 33 ya koma 13 ke nan. A wurin da ke 100, kunnenka zai ji 87, kana da wajen awa 5, ya wadatar. A wurin da ke 110 kuwa 97 za ka ji, rabin awa kawai. Shi ya sa in ƙara ta haura 100 ake cewa a haɗa biyu, soso a ciki marufi a waje. Haɗawar ba ta tara lambobin biyu, wajen 5 take ƙarawa a kan mafi girma, domin daga wani mataki ta ƙashin kai ƙara ke shiga. Amma 5 ɗin nan ya ninka maka lokaci sau uku.

Me ya sa ake raba lambar biyu? Saboda yawancin mutane ba su iya sawa ba. Wanda ya iya yakan samu abin da ya kusa lambar da aka rubuta, kuma a nan ne duk ribar take.

Akwai matoshin roba mai ɗan tace a tsakiya, irin na makaɗa, da ke rage 15 zuwa 20 ba tare da ya dusashe sauti ba. Yana da daɗi, kana jin injin tas, kana jin maganar na kusa da kai. Ya isa rali da layin sama na Formula 1. Ban yarda da shi kaɗai ba a MotoGP ko NASCAR. Mai zuwa a kai a kai zai iya zuwa wurin masanin ji a auna kunnensa a yi masa nasa na kansa.

Abubuwa uku ba kariya ba ne. Auduga da tishu ɗan abin da suke ragewa bai taka kara ya karya ba, sai dai su sa ka saki jiki. Iyafis na waya mai kashe hayaniya da lantarki an yi shi ne don gunjin jirgi da na bas, ba don ihun inji ba, kuma in ka ƙure shi don ka ji sharhi, ka ƙara wa Borno dawaki. In sharhin kake so, sa iyafis a ƙasan murya ka kifa marufi a kansa. Na uku yatsa: yana aiki sosai, amma ba wanda zai iya riƙe kunnensa awa biyu.

Yadda ake sa matoshin soso

A nan mutane ke faɗuwa. Ka duba rumfar kallo za ka ga soso yana leƙowa daga kunnuwa kamar ƙahon akuya. Wannan ado ne kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, ƙara ma haka, 'yar kafa ta ishe ta.

Wanke hannu tukuna, ko ka goge shi, don abin da ke yatsanka shi zai shiga kunnenka. Ɗauki soson tsakanin babban yatsa da manuniya ka fara murza shi a hankali, kana ƙara matsi, har ya zama siriri sumul kamar tsinken ashana mai kauri. Murzawa ake yi, ba lanƙwasawa ko tsukewa ba. In ya yi ƙunci ko layi a jiki, ta layin nan ƙara za ta bi, bar shi ya kumbura ka sake.

Yanzu ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kanka, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa, jan nan ne ke buɗe shi. Wanda ya tsallake wannan mataki bakin ƙofa kawai zai toshe. Kana riƙe da kunnen, tura soson ciki nan take kafin ya fara kumbura, har sai ɗan gindinsa kaɗai ya rage. A wuri mai zafi soso yana saurin tashi, don haka kada ka murza ka tsaya hira. Ɗora yatsa a kansa ka ƙirga 30 a hankali. Za ka ji hayaniyar waje tana janyewa kamar ana rufe ƙofa.

Sai gwaji. Yi magana, muryarka za ta yi kauri kamar kana cikin randa, kuma daidai a kunnuwa biyu. Rufe kunnuwanka da tafin hannu sosai, ka saki. In bambancin ya yi yawa, bai zauna ba, cire ka sake. Ka ce wa na kusa da kai ya dube ka ta gaba: in yana hango soson, bai shiga ba. Wajen cirewa kuma a hankali, kana ɗan murɗawa, kada ka fizge.

Ka gwada wannan a gida kwana biyu kafin tafiya, kusa da janareta ko injin markaɗe. In yana yi maka ciwo ko yana ta fitowa, girman ne bai dace ba, akwai sirara don masu ƙaramin rami, mata da yawa su suke buƙata. In kunnenka yana ciwo, ko yana ruwa, ko an taɓa ce maka dodon kunnenka ya huje, kada ka tura komai ciki, yi amfani da marufi. In datti ya cushe shi, je a wanke maka a asibiti tun da sauran kwanaki, kada soso ya ƙara danna shi.

Marufi ya fi sauƙin sawa, amma shi ma yana da sharaɗi: katifarsa ta zauna a kan fata, zagaye, ba komai a tsakani. Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe kafa, haka gefen hula, haka gashi mai yawa. 'Yar'uwa mai hijabi ko ɗankwali, in kika kifa marufi a kan yadi, kin rasa kaso mai yawa na amfaninsa. Gara ki sa matoshin soso da kyau a ƙarƙashin hijabin, in ya so marufin ya zama ƙari a sama. Mai rawani ma haka.

A ranar tseren

Sa kariyar kafin a tayar da injina, ba bayan kunne ya fara ƙorafi ba. Tashin farko, lokacin da duk motocin ke ba ta wuta a tare, shi ne mafi ƙara a duk ranar, kuma shi ne lokacin da kowa ke so ya ji da kunnensa tsirara.

Ga lissafin da ya fi ba ni mamaki da na fara ganinsa. A ce kana da kariyar da ke rage 30 cif, ka cire ta na minti 5 kacal a cikin awa ɗaya, don waya ko hira ko ka ɗan ji daɗin injin. A dunƙule, kariyar da ka samu a wannan awa ta faɗo zuwa wajen 11. Mintunan nan biyar sun cinye sauran 55. Don haka in magana ta kama, rubuta a waya ka nuna, ko ka jira a tsaya. Kada kuma ka ɗaga marufin wani ka yi masa ihu a kunne, ihu a bakin kunne shi kansa yana haura 100.

Tsakanin tsere da tsere ka fita bayan rumfa inda ya yi shiru, a nan ka cire ka ba kunne hutu. Lokacin salla ma hutu ne mai kyau. Bayan alwala ka bar kunne ya bushe kafin ka mayar, kuma in soson ya jiƙe ko ya yi datti ka ɗauki sabo. Saboda haka nake cusa biyar ko shida a aljihu, ga kuma wanda zai roƙe ka, ba a rasa shi.

In kana so ka san inda kake, akwai manhajar awon ƙara ta NIOSH a iPhone, kyauta. Wayoyi ba su da tabbas in ƙara ta yi tsanani sosai, sukan nuna ƙasa da gaskiya. Awon da ba ya buƙatar caji shi ne: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai tsawon hannu ɗaya ya ji ka, kun kai 85 ko kun wuce.

Kada ka jefar da soson da an kaɗa tutar ƙarshe. Manyan tsere sukan zo da jiragen sama masu shawagi ƙasa-ƙasa, da wasan wuta, da mawaƙa da daddare, kuma kunnen da ya wuni yana shan duka shi ya fi saurin rauni. Wanda kuma zai hau babur ya koma gida ya sani iskar da ke kaɗawa cikin hular kwano a gudun kilomita 100 tana haura 90 ita kaɗai.

Yara

Jariri ba shi da abin yi a filin tsere, wannan ra'ayina ne kuma ba na sassautawa. Yaron da ya tasa a saya masa marufi na yara daidai kansa, ba na babba da zai riƙa zamewa ba. Matoshin soso bai dace da ƙanana ba, ramin kunnensu ƙarami ne kuma suna iya kai shi baki su shaƙe. A saba masa da marufin a gida, ya sa yana wasa, in ba haka ba a fili za a yi rigimar. Ka zauna da shi a sama, ka riƙa duba ko ya ture shi, kuma kai ma ka sa naka, don yaro ba ya barin abu a kansa in ya ga babansa bai sa ba. In ya fara toshe kunne da hannu a kan marufin, ko ya kama kukan da ba dalili, ku tashi, kuɗin tikitin ya riga ya tafi ko kun zauna ko ba ku zauna ba.

Bayan an tashi

In ka fito kana jin duniya kamar ta bayan bargo, ko kunne yana shiiii, to ƙara ta ci rabonta. Yawanci yakan dawo cikin awa 16 zuwa 48. A wannan tsakani ka nisanci janareta da iyafis da gidan biki. In tseren na kwana uku ne, washegari ka haɗa kariya biyu ko ka canza wurin zama. Dawowar ji ba shaida ce ta cewa an fita lafiya ƙalau ba, bincike a kan dabbobi ya nuna wasu jijiyoyin da ke haɗa ƙwayoyin nan da ƙwaƙwalwa sukan tsinke ko da gwajin ji ya koma daidai.

Kada ka ɗiga komai. Ba man zaitun, ba miski, ba ruwan albasa, ba maganin ɗigawa na kemis. Ɓarnar tana can ciki inda ɗigo ba ya kaiwa, in kuma dodon kunne ya huje, ɗigon zai ƙara ta'azzara abin. Ka kuma gaya wa duk mai rubuta maka magani halin da kake ciki, don wasu magunguna, irin kwinin da allurar jentamaisin, su ma suna taɓa ji.

Ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro in ƙarar kunne ko dusashewar ta wuce kwana biyu. Amma in kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya farat ɗaya, ko akwai jiri, ko jini, ko ruwa, ko ciwo mai tsanani, ranar za ka je, domin maganin da ake bayarwa a irin wannan ya fi aiki a kwanakin farko. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ma suna da sashen. Ka ce gwajin ji kake so. Za a sa ka a ɗan ɗaki shiru da abin sauraro a kai, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji sauti, bai fi minti 20 ba. A takardar da za a ba ka, duba wajen da aka rubuta 4,000: in layin ya lotsa a nan sannan ya ɗan ɗago a gaba, sawun ƙara ke nan. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka je da ita in za a sake gwajin baɗi.